Inda Saniyar Gaba Ta Sha Ruwa: Zama Abin Koyi A Wajen Kiristoci

 

Yau za mu ɗan leƙa gidan maƙwabta ne. Ko ba kya fita, 'yar uwa, kina hulɗa da Kiristoci. Wataƙila nas ɗin da ta karɓi haihuwarki a asibiti, ko malamar da ke koya wa 'yarki lissafi, ko matar da ke haya a gidan da ke jikin naku, wadda kan aiko yaro sayen ƙosai ko man gyaɗa a wajenki. Ana gaisawa, ana barka, ana ta'aziyya, amma kaɗan ne a cikinmu suka san abin da addininsu ke koya musu game da zama da mutane. Rashin sani kuwa shi ke haifar da zato, kuma mun ga irin ɓarnar da zato ya yi a garuruwanmu.

To abu ɗaya zan ɗauko daga cikin koyarwarsu in yi miki bayani kamar yadda su suke fahimtarsa. Wato duk wanda zai ja mutane zuwa ga wani hali, shi zai fara yin halin suna kallo. Daga nan sai in ba ki labarin wata mata da ta gwada haka a ƙasar nan tamu, a kan maganar da ta shafi ran jarirai, don mu ga yadda abin ke aiki, da irin wahalar da ke cikinsa, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Daga ina maganar ta samo asali?

Idan kika tambayi Kirista mai ilmin addininsa mene ne shugabanci, da wuya bai kai ki ga wani labari da ke sura ta 13 ta littafin Yohanna ba, a cikin littafinsu da suke kira Littafi Mai Tsarki. Labarin Yesu Almasihu ne, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, alaihissalam. A ƙasar Falasɗinu ta wancan zamani mutane da takalmi fade suke yawo cikin ƙura, don haka idan baƙo ya iso gida sai an wanke masa ƙafa kafin a ci abinci. Wannan kuwa aikin bawa ne, ko mafi ƙanƙanta a gidan. Littafin ya ce a daren cin abincinsu na ƙarshe da almajiransa, Yesu ya tashi ya tuɓe mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a kwano, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana wanke musu ƙafa. Da ya zo kan Bitrus, sai Bitrus ya ƙi, don yana ganin abin ya yi nauyi. Bayan ya gama ne ya zauna ya yi musu bayani, cewa tunda shi da yake malaminsu ya yi musu haka, su ma su riƙa yi wa juna.

Ki lura da yadda abin ya jeru: aikin ne ya fara zuwa, bayanin ya biyo baya. Malaman Kirista suna yawan tsayawa a nan. A littafin Markus sura ta 10 an nuna cewa mai son girma a cikinsu sai ya zama mai yi wa saura hidima. A Matiyu sura ta 23 kuma akwai kakkausan suka a kan malaman da ke ɗora wa jama'a kaya masu nauyi alhali su ko yatsa ba sa sawa. Bitrus ɗin nan da ya ƙi a wanke masa ƙafa, a wasiƙar farko da ke ɗauke da sunansa an gargaɗi dattawan ikilisiya kada su nuna wa mabiya iko, su dai zama abin koyi. A Hausar coci za ki ji ana cewa mutum ya zama "gurbi", wato sawun da na baya zai sa ƙafarsa a ciki.

Har yau a ranar Alhamis ɗin da ke gaban bikin Ista, a coci-cocin Katolika da wasu ɗarikun, limamin coci kan durƙusa ya wanke ƙafafun mutum 12. A 2013, makonni kaɗan bayan naɗa shi, Fafaroma Francis ya yi wannan al'ada a wani gidan yarin matasa a birnin Rum, kuma cikin waɗanda ya wanke wa ƙafa har da 'yan mata da Musulmi.

Ina rabon mata a ciki?

Kada ki ɗauka maganar ta tsaya ga masu hawa mumbari. Mafi yawan abin da aka faɗa game da zama gurbi, a cikin gida yake. A wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Timoti an sa sharaɗi cewa wanda za a ba shugabancin ikilisiya sai an duba yadda yake riƙe da iyalinsa, don wanda gidansa ya gagare shi ba zai iya da jama'a ba. A wasiƙa ta biyu an yaba imanin Timoti, amma an danganta shi ga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa, wato a wajen mata biyu ya gan shi tun yana yaro. A wasiƙar da aka rubuta wa Titus, tsofaffin mata aka ɗora wa koyar da matasan mata zaman aure da riƙon yara, da sharaɗin su kansu su kasance masu kamun kai, ba masu tsegumi ba. A wasiƙar Bitrus ta farko sura ta 3 kuma an ce wa matar da mijinta ba ya jin wa'azi, halinta kaɗai na iya jawo shi ko ba ta ce uffan ba.

Akwai kuma Tabita, wadda ake kira Dokas, a littafin Ayyukan Manzanni. Ba a ruwaito ta yi wa kowa wa'azi ba. Ɗinki take yi tana tufatar da matan da mazansu suka mutu, kuma da ta rasu, waɗannan matan ne suka taru suna kuka suna nuna rigunan da ta ɗinka musu.

A nan Arewa, wannan koyarwa ce ke bayan ƙungiyar da ake kira Zumuntar Mata, wadda za ki samu a ECWA da COCIN da EYN da Katolika da sauransu. Su ne matan nan masu anko, da ke waƙoƙin Hausa suna buga tulu. Sukan haɗu a wata rana cikin mako, su yi karo-karo, su je dubiya, su je barka, su je ta'aziyya, su ja amarya a jiki su nuna mata zaman gida. Yarinyar da ta tashi tana riƙe wa uwarta kwanon abincin da za a kai wa marar lafiya, ba ta bukatar a zaunar da ita a ce mata dubiya abu ne mai kyau.

Matar da ta kwana da tagwaye

Yanzu bari mu gangara kudu, garin Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba a yau. Wataƙila kin ji yaranki suna haddace cewa Mary Slessor ce ta hana kashe tagwaye a Nijeriya. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma an taƙaita ta ƙwarai, kuma abin da aka bari a baya shi ne darasin.

An haifi Mary Slessor ranar 2 ga Disamba, 1848, a garin Aberdeen na ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila. 'Yar talakawa ce. Mahaifinta mai ɗinkin takalma ne wanda giya ta ci ƙarfinsa, mahaifiyarta kuma masaƙiya ce mai riƙo da addini. A 1859 suka koma garin Dundee, kuma tana shekara 11 ta fara aiki a masaƙa, rabin yini aiki rabin yini makaranta. Da ta kai 14 sai ta koma aiki daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma. Ba ta yi karatu mai zurfi ba. Ta dai san yunwa, ta san gidan da ake fargabar dawowar maigida da dare. A watan Agusta na 1876 ta hau jirgin ruwa zuwa Kalaba a matsayin malamar mishan ta cocin Firesbiteriyan, tana da shekara 27.

A wajenmu tagwaye abin murna ne. Hassan da Husaini, Hassana da Usaina, har wanda ya biyo bayansu ma yana da sunansa, Gambo. Yarbawa ma suna ji da Taiwo da Kehinde. Amma a wancan zamani, a ƙasar Efik da Ibibiyo da wasu maƙwabtansu, an yi imani cewa idan mace ta haifi biyu to ɗaya ɗan iska ne, wato mugun ruhu ne ubansa. Tunda ba a san wanne ne ba, sai a hallaka su duka, ko a sa su a tukunya a kai daji. Uwar kuma a kore ta daga gari, ba mai cin abincinta, ba mai bin hanyar da ta bi. Ina so ki fahimci wani abu a nan, 'yar uwa: mutanen nan suna son 'ya'yansu kamar kowa. Tsoro ne ya kama su. Sun gaskata cewa barin tagwaye da rai zai jawo wa gari duka bala'i, kuma uwar da kanta sau da yawa ta yarda cewa ita la'ananniya ce.

Ba Mary ce ta fara yaƙi da wannan ba. Tun 1846 aka kafa mishan a Kalaba, kuma cikin waɗanda suka kafa shi har da baƙaƙen fata daga ƙasar Jamaika. Sarki Eyo na biyu, mai mulkin Creek Town, ya goyi bayan a daina wasu daga cikin al'adun zubar da jini. A 1878 kuma jakadan Birtaniya, David Hopkins, ya ƙulla yarjejeniya da sarakunan Kalaba wadda ta haramta kashe tagwaye. Kin ga ke nan wa'azi an yi, doka ma an kafa. Amma doka tana hana mutum yin abu a fili ne kawai, tsoron yana nan a zuciyarsa. Sai abin ya koma ɓoye, a ƙauyukan da ke nesa kuwa ko labarin dokar ba a damu da shi ba.

Abin da Mary ta ƙara shi ne wannan. Da ta ji an haifi tagwaye, ko tsakar dare ne, sai ta ruga ta ɗauko su ta kawo ɗakinta. Ta yi musu wanka, ta ba su abinci, ta kwana da su. Kuma ɗakin nata a tsakiyar mutane yake. Ta bar gidan mishan irin na Turawa ta koma ɗakin ƙasa, ta koyi harshen Efik har ta iya shi da karin maganarsa, tana cin doya da ayaba da kifi irin na kowa, sau da yawa ma ba takalmi a ƙafarta. Wani ɓangare na dalilin shi ne tana aika yawancin albashinta gida ga mahaifiyarta da ƙannenta, amma amfanin da hakan ya yi shi ne kowa na ganin abin da ke faruwa a gidanta. Maƙwabta suka zuba ido suna jiran bala'in da zai sauka. Kwana ya zama wata, wata ya zama shekara. Yaran suka yi haƙori, suka yi rarrafe, suka tashi da gudu. Wata 'yar tagwaye da ta ceto ta sa mata suna Janie, sunan ƙanwarta, har ta tafi da ita Sikotlan a 1883. Janie ta girma ta zama babbar 'yar gida, tana taya ta renon waɗanda aka kawo daga baya.

A watan Agusta na 1888 ta ƙara nutsawa cikin daji zuwa ƙasar Okoyong, inda yarjejeniyar Kalaba ba ta da wani tasiri. A can, ban da maganar tagwaye, idan babban mutum ya mutu akan kashe bayi da mata su raka shi, wanda ake zargi da maita kuma a ba shi wani wake mai dafi da suke kira esere: in ya amayar ya tsira, in ya mutu an ce laifinsa ne ya kama shi. Mary ta tare a ƙauyen Ekenge da yaranta. Idan aka ɗaure mutane za a ba su dafin, sai ta je ta zauna kusa da su, ta ƙi tashi, dare da rana, har sai an gaji an sake su. Idan ana zaman sulhu tsakanin ƙauyuka, marubuta tarihinta sun ce takan zauna da saƙarta a hannu tana saurare, wuni guda, har kowa ya faɗi ta bakinsa zuciya ta huce.

A nan ne wata mata ta shigo labarin, wadda yaran makaranta ba sa haddace sunanta: Ma Eme, 'yar uwar sarkin ƙauyen, Edem. Ita ce ke sanar da Mary a asirce idan za a yi wani abu, ita ce ke lallashin ɗan uwanta daga cikin gida. Ba don irin su Ma Eme ba, da baƙuwa ɗaya ba ta isa ta yi komai ba.

A 1892 gwamnatin Birtaniya ta naɗa Mary mataimakiyar jakada a Okoyong, tana shugabantar kotun gargajiya. Zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kayar da ita shekara da shekaru, har ƙarfinta ya ƙare. Ta rasu ranar 13 ga Janairu, 1915, a ƙauyen Use Ikot Oku da ke Jihar Akwa Ibom ta yau, tana da shekara 66, bayan shekara 38 da fara zuwanta. An binne ta a Kalaba, inda aka kafa mutum-mutuminta riƙe da tagwaye. A 1997 kuma bankin Clydesdale na ƙasarsu ya sa hotonta a takardar fam 10.

Me ya sa aikin ya ci, inda magana ta kasa?

Na farko, tsoro ba ya jin hujja. Da za a tara mutanen Okoyong a yi musu bayanin yadda ciki ke zama na tagwaye, za su gyaɗa kai ne su koma gida da tsoronsu. Abin da suke tambaya a zuci shi ne, wa zai fara taɓawa mu gani? Wanda ya fara ya ɗauke wa sauran kasadar. Da ta biyu ta ga ta farko ba ta mutu ba, sai nata ya zo da sauƙi. Hausawa suka ce gani ya kori ji.

Na biyu, sai abin koyin yana kusa. Da Mary ta tara yaran a wani gida mai katanga a bakin teku, da an ce ai maganin Turawa ne ke tsare ta. Amma tana shan ruwan da suke sha, sauron da ke cizonsu shi ke cizonta. Mutum yana koyi ne da wanda yake ganin irin rayuwarsu ɗaya.

Na uku, sai an daɗe. Alherin yini ɗaya kowa na iya yi, har munafuki. Abin da ya sauya zukata shi ne ganin yarinyar da aka ce 'yar iska ce ta yi shekara 5, ta yi 10, ta zama budurwa mai hankali tana goyon ƙannenta.

Na huɗu, sai mutane sun ga abin yana cin mai yinsa. Sun ga tana rawar ɗari da zazzaɓi ga jariri a kafaɗa. Sun san mahaifiyarta da ƙanwarta sun rasu tana nesa. Wanda ke kiran mutane ga abin da shi bai rasa komai a kansa ba, da wuya a bi shi da zuciya ɗaya.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

Kada mu mai da labarin tatsuniya. Mary mutum ce, tara take ba ta cika goma ba. An ruwaito tana da zafin rai, har takan kai hannu ga ƙato idan ya yi mata taurin kai a kotu. Ta kuma yi aiki a ƙarƙashin mulkin mallaka, kuma masana tarihi na ƙasar nan suna tuna mana cewa dokar gwamnati da makarantu da kasuwanci da ƙoƙarin 'yan ƙasa duk sun taka rawa wajen mutuwar al'adar, wadda ma ba ta mutu rana ɗaya ba.

Wani abin lura kuma, ita da ta zo yaɗa addini, sai da ta shekara 15 a Okoyong kafin a yi wa rukunin farko baftisma a 1903, kuma ba su da yawa. Aminiyarta Ma Eme ba ta shiga addinin Kirista ba. Ta dai ɗauki ceton rai ta bar sauran. Malaman Kirista da kansu sukan ce mai zama gurbi shuka yake yi, ba shi ke da ikon tsirowa ba.

Misali na kusa shi ne na Sudan ta Kudu, inda yaƙin basasa ya ɓarke a Disambar 2013. A watan Afrilu na 2019 Fafaroma Francis, yana da shekara 82, ya durƙusa a fadarsa ya sumbaci ƙafafun Shugaba Salva Kiir da abokin hamayyarsa Riek Machar, yana roƙonsu su riƙe zaman lafiya. Duniya ta girgiza da ganin hoton. An kafa gwamnatin haɗin kai a Fabrairun 2020, amma a watan Maris na 2025 aka yi wa Machar ɗaurin talala a gidansa, wata guda kafin rasuwar Fafaroman. Kyakkyawan hali yana kira ne, ba ya tilastawa.

Sannan abin yana da kaifi biyu. Yadda ake koyi da nagari, haka ake koyi da mugu, har ma ya fi saurin yaɗuwa. Shi ya sa Kiristoci da yawa ke kuka da shugabannin da ke wa'azin haƙuri da talauci alhali su suna fantamawa da kuɗin baiko. Duk shugaban da aka kama bakinsa daban aikinsa daban, ba kansa kaɗai ya ɓata ba, ya sa na bayansa sun daina yarda da maganar ko da gaskiya ce.

To mu fa, a cikin gidajenmu?

Za ki ce, ni da ko zaure ba na leƙawa, wa zan jagoranta? Uwargida, duk gidan nan ba wanda ake kallo kamarki. Maigida ya fita tun safe. Daga wayewar gari zuwa kwanciya, idon yara a kanki yake, da na 'yar riƙo, da na amaryar da aka kawo jiya, da na yaran maƙwabta masu shigowa sayen kayan sana'arki, waɗanda za su koma su ba iyayensu labari. Idan kika ce wa yaro ƙarya haramun ce, an jima mai bin bashi ta aiko kika ce "je ka ce ba na nan", wanne kike jin zai riƙe? Idan kina raba nama, yara suna ganin wanda kika ba ɗan ɗakinki da wanda kika ba ɗan kishiya ko maraya. Idan mudunki na saye daban na sayarwa daban, 'yar tallarki ta sani. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mu ma kuma muna da namu mutanen da tsoro ya sa ake gudu. Akwai yaro mai farfaɗiya da ake watsewa a bari idan ta kayar da shi, wai kada a taɓa yawunsa. Likitoci sun tabbatar farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa, kuma akwai maganin da ke rage ta ƙwarai. Abin da yake bukata shi ne a janye shi daga wuta ko ruwa, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ta gefe idan jijjigar ta lafa, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki. Akwai mai yoyon fitsari da ake ware wa kwano da tabarma, alhali doguwar naƙuda ce ta jawo mata, kuma ana yin aikin gyara a asibitoci irin na Babbar Ruga a Katsina. Akwai mai ɗauke da cutar ƙanjamau, wadda ba a ɗauka ta cin abinci tare ko gaisawa ko zama a tabarma ɗaya, kuma mai shan maganinta a kan kari yana rayuwarsa kamar kowa.

An faɗi waɗannan a rediyo ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kamar dai yadda aka kafa doka a Kalaba a 1878. Abin da ya rage a unguwa shi ne macen da za ta fara. Wadda za ta jawo kwanon waccan baiwar Allah ta ce, "Yaya, matso mu ci tare," yara suna kallo. Wadda za ta durƙusa ta tallafi kan yaron nan lokacin da kowa ya ja da baya. Ranar farko za a yi ta surutu, wata ma ta ce kin cika neman suna. Ki bar su. Bayan wata shida suna ganinki lafiya lau, wata za ta matso, don inda saniyar gaba ta sha ruwa nan ta baya ke sha.

Idan kuma maƙwabciyarki Kirista ta shigo, kina iya tambayarta labarin wanke ƙafa ko na Dokas mai ɗinki, ki ji yadda za ta ba ki shi da bakinta. Za ta ji daɗi kin sani, ke ma za ki ƙaru.

A nan za mu dakata. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa abin da yaranmu za su ɗauka daga gare mu ya zama alheri.